Shayin Dakta da Tankin Zoɓo

Duk wanda ya zauna a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad a shekarun nan ya san Dalhatu Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi wannan suna ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma yi ta nanata shi har mutane suka gaji da musu suka bar masa kayansa. A jikin iƙamarsa kuwa, katin zaman nan da kowane baƙo ke yawo da shi a aljihu, abin da aka rubuta a gurbin sana'a shi ne lebura. Wannan kalma ita ta tsaya masa a maƙogwaro, don mai katin lebura ba a ba shi izinin kawo iyali. Shekara bakwai ke nan matarsa Sabuwa tana Kano ita da 'yarsu Bilƙisu, da wani koren akwati da ta ɗaure tun shekarar farko, tana jiran a ce mata taho.

Ainihin aikinsa a wata kwalejin koyon injiniyanci yake, a ɗakin gwajin ruwa. Shi ke shara, shi ke cika tankuna, shi ke goge kayan aiki, shi ke dafa wa Dakta Kamil shayi. Shi Dakta Kamil wani dattijo ne mutumin Sudan, mai farar jallabiya ƙal da rawanin da zai isa a yi wa taga biyu labule.

A cikin duk kayan ɗakin nan akwai wata na'ura da Dalhatu ya ɗauka tamkar 'yar cikinsa. Ɗan tanki ne na roba mai haske kamar gilashi, zurfinsa bai fi taƙi guda ba. A samansa an gicciya hannun sikeli, an maƙala masa wani abu kamar an yanka taya gida huɗu an ɗauki ɗaya, yana rataye cikin tankin. In aka zuba ruwa sai ruwan ya tura fuskar abin, hannun sikelin ya ɗaga, ɗalibai su yi ta ɗora ƙananan duwatsun awo na tagulla har ya daidaita. Da haka ake koya musu irin ƙarfin da ruwa ke tura duk abin da ya nutse a cikinsa.

To ga inda gizo ke saƙa. Tun ranar da Dalhatu ya kama aiki, Dakta ya ce masa, "Ya Dalhatu, in ka ga na cire tabarau, na ɗaga yatsa, na ce 'yanzu kuma ga magana mafi muhimmanci', to saura minti goma in gama. Ka je ka ɗora shayi."

Dalhatu bai taɓa saɓawa ba ko sau ɗaya. Ya ji farkon karatun nan ya fi sau ɗari, ya haddace shi har da inda Dakta ke yin tari, amma ƙarshensa kullum yana kicin yana jiran buta ta tafasa. Shi a ganinsa bai rasa komai ba. Ai in malami ya kai ƙarshe, me ya rage in ba addu'a da bankwana ba?

Wata Talata aka wayi gari ma'aikacin da ke kula da na'urorin ɗakin ya koma ƙasarsu. Mai wannan gurbi fanni ake rubuta masa a kati, wato ƙwararre, kuma fanni yana kawo iyalinsa. Dalhatu ya ajiye shayi a gaban Dakta, ya ƙi fita.

"Ya Duktur, ga ni kusa, me za a je nema a nesa?"

Dakta ya dube shi ta saman tabarau. "Kai? Ka fahimci na'urar nan?"

"Fahimta kuma? Ai in kun tashi, ni da ita har hira muke yi."

Dakta ya yi dariya har rawaninsa na rawa. "To shi ke nan. Nuna mini ka fahimce ta, ni kuma in rubuta wa kwaleji takarda a canza maka sana'a."

Da wasa ya faɗa ko da gaske, Allah masani. Dalhatu dai bai kai bakin titi ba sai da ya kira Kano ya ce wa Sabuwa ta kakkaɓe akwati.

A ɗakinsu ya tarar da Mamane a miƙe yana shan sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki. Mamane direba ne, Badamagare, kuma kowa ya san tsakanin Bakano da Badamagare ba a raga wa juna. Dalhatu ya zaune shi ya zayyana masa shiri. An yi wa Alhaji Sha'aban na kasuwar Aziziya haihuwa, Juma'a ce suna, an kama istiraha, gidan taron nan da ake haya mai filin maza daban na mata daban. A nan zai kafa babbar yayar na'urar kwaleji, a cika ta da zoɓo, da famfo a ƙasa kowa ya tara kofi, da hannun sikeli a sama yana nuna ƙarfin zoɓon. Sannan ya gayyato Dakta ya gani da idonsa.

Mamane ya juya ya dube shi. "Yau Talata fa."

"Na sani."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Injiniya."

"Gora kuka sani a Damagaram. Ni maganar kimiyya nake yi."

Washegari da la'asar ya isa gidan Alhaji Sha'aban. Alhaji mutum ne mai son a ce taronsa ya yi armashi, yana jin an ce babban Dakta zai zo sunansa ya washe baki ya ce an gama. Sai dai zoɓon ba nasa ba ne. Na yayarsa ne, Hajiya Muhibba, wadda ta shekara ashirin ba a yin taron Hausawa a Riyad ba tare da zoɓonta ba. Daga bayan labule ta ji komai.

"Kai Dalhatu, me kulolina suka yi maka?"

"Hajiya, kula ai ta mutanen da ce. Duniya ta ci gaba."

"Duniyar ce ta ci gaba ko bakinka?"

"Ki bari ki gani, Hajiya. Zoɓonki zai tsaya a tsaye kowa ya gan shi, kamar dogon benen nan na unguwar Ulaya."

"Ni zoɓona a zaune na san shi. In ka zubar mini da ko cokali, kai da ni ne."

Alhaji ya yi ta ba ta haƙuri har ta yi shiru, irin shirun da ba yarda ba ne, ajiya ce.

Kayan aiki daga unguwar Ulaya suka fito. Buraima, wani abokinsu mai aikin gini, suna gyaran wani kanti, aka cire manyan fallayen roba masu haske aka zubar. Dalhatu ya kwaso biyu masu tsayin ƙofa, ya tsayar da su fuska da fuska, ya bar tazarar taƙi guda a tsakani, ya liƙe gefe da gindi da silikon irin na gyaran banɗaki. Hannun sikeli sandar mofa ce, irin ta goge ƙasa. Duwatsun awo na sikelin albasan Alhaji ne. Abin nan mai kama da yankakkiyar taya kuwa, Dalhatu bai tsaya wahalar da kansa ba, tsohuwar taya ya samo ya yanka gida huɗu, ya wanke ɗaya da sabulu, ya nannaɗe ta da leda. A can ƙololuwa ya rubuta da jan fenti: AIKIN INJINIYA DALHATU.

Mamane ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Wannan zai riƙe ruwa?"

"Dube shi da kyau. Siriri ne kamar littafi. Ruwa kaɗan ne a ciki, ƙarfi kaɗan ne. Na kwaleji ma da ya fi shi faɗi, robarsa ba ta kai wannan kauri ba."

"Ni ban yi lekol ba," in ji Mamane, "amma duk randar da ta taɓa yoyo a gidanmu, daga gindi ta fara."

"Randar Damagaram ba ta yi karatu ba."

"Kai ka yi?"

"Shekara bakwai ina cikin aji!"

"Da tire a hannu."

Ranar Alhamis suka gwada shi a tsakar gida. Suna zuba ruwa, ya kai gwiwa, sai ruwan gidan ya ɗauke, kamar yadda ya saba. Tanki ya tsaya ƙyam, ko ɗigo babu. Dalhatu ya taka rawa ya zagaya shi, ya ɗauki hoto ya aika Kano. Abin da ya riƙe ruwa zuwa gwiwa, in ji shi, zai riƙe zuwa wuya, ai ruwan ba canzawa zai yi ba. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wanda aka ƙuƙumce ɗin shi ne na ƙarshen sani.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a suka ɗora shi a bayan wanet ɗin Buraima, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Mai gidan burodin layinsu ya leƙo ya tambaya ko kifi za a fara sayarwa. Wata tsohuwa ta ga dogon abu a kwance an lulluɓe da zane, ta ce Allah ya ji ƙansa. A ƙofar istiraha abin ya ƙi shiga a tsaye, aka karkata shi, yankin taya ya sulluɓo ya sauka a ɗan yatsan Mamane. Mamane ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda ba a faɗa ranar suna.

Aka kafa tanki a tsakiyar filin maza, kan sabon kafet, daidai inda manyan baƙi za su zauna. Hajiya Muhibba ta turo durom biyu na zoɓo daga ɓangaren mata, ja wur, yana ƙamshin citta da kanumfari da abarba. Dalhatu ya hau tsani, ana miƙo masa bokiti yana juyewa. Jama'a suka fara taruwa suna kallo, don gaskiya abin ya yi kyau. Rana na dukansa yana walƙiya. Sai dai zoɓo ya ƙare yana daidai ƙirjin mutum, sunan Injiniya kuwa yana can sama cikin iska.

"A kawo ruwa da ƙanƙara," in ji Dalhatu.

Ba a daɗe ba aka ji ana buga ƙofar da ta raba maza da mata.

"Dalhatu! An ce ruwa kake zuba wa zoɓona!"

"Ƙanƙara ce, Hajiya, don ya yi sanyi."

"Ƙanƙarar ce ke zuwa a bokiti tana ɓalɓal?"

"Ta narke ne a hanya. Kin san zafin Riyad."

"Kuma me na ji an ce ka tsoma a ciki? Taya?"

"Na nannaɗe ta da leda, Hajiya!"

Aka ji ta yi salati, wasu mata na riƙe ta.

Zoɓo ya kai wuya. Hannun sikeli ya ɗaga sama kamar mai neman izinin magana, Dalhatu ya rataya masa dutsen kilo biyar, sandar mofa ta lanƙwashe amma ba ta karye ba. Ya sauko ya goge zufa, ya ce kofin farko na Malam Jibrin ne, limamin da ya raɗa suna da safe. Malam ya matso da fara'a, ya tattare babbar riga, ya durƙusa ya tara kofi, ya ce bismillahi. Dalhatu ya murɗa famfo.

Abin da ya fito ba zuba ba ce, harbi ne. Kofi ya fice daga hannun Malam ya tashi sama, zoɓo ya wuce ta ƙarƙashin hammatarsa ya tsallake tabarma biyu ya sauka cikin tiren shinkafa. Malam ya zauna daɓas. Masu cin shinkafa suka miƙe da loma a hannu.

"Wannan ne ake kira saurin hidima," in ji Dalhatu, yana kokawa da famfo. "Kafin ka ce ƙishirwa, ya iso."

"Ya iso kam," in ji Malam, yana matse hannun riga. "Har ya wuce."

Mamane ne ya fara lura. Ya tsuguna ya dubi tankin daga gefe, ya kira Buraima, shi ma ya duba. Fallayen nan da suke a miƙe ɗazu, yanzu daga gwiwa zuwa ƙasa sun turo gaba.

"Injiniya, tankinka ya yi ciki."

"Idonka ne."

"Wallahi ya kai wata bakwai. Alhaji, kada a sallami mutane, akwai wani sunan a gaba."

Dariya ta ɓarke. Dalhatu ya duba, ya ga cikin da idonsa, amma mai baki ba ya rasa amsa. Ya ce roba ce take miƙa gajiya, haka ta kwaleji ma take yi. Duk da haka ya ce a ba shi igiyar da aka ɗaure ragon suna da ita, a haɗa da bel ɗin duk wanda ya sa wando. Direbobi huɗu suka cire bel suka tsaya riƙe da ƙugu. Dalhatu ya hau tsani ya ɗaure tankin tam a wuya, ya ƙara ɗauri a kafaɗa.

"Cikin a ƙasa yake fa," in ji Mamane.

"Dogon abu daga sama yake faɗuwa. Ka taɓa ganin bishiya ta faɗi da saiwa a gaba?"

"Na taɓa ganin Bakano ya faɗi da baki a gaba."

"Riƙe wayar nan ka daina surutu. Sabuwa ce. Ka saita ta ga komai."

Mamane ya karɓa. A fuskar wayar ga Sabuwa ta ci kwalliya kamar ita ce mai jego, Bilƙisu na leƙe ta kafaɗarta, koren akwati kuwa an jawo shi tsakar ɗaki an goge shi yana sheƙi. Da Mamane ya ga akwatin sai dariyarsa ta ragu. Ya san shekara nawa abokinsa ya yi yana kwana da hoton mutanen nan a ƙarƙashin filo, kuma tausayinsa ya kama shi.

Ana cikin haka aka ce ga Dakta. Ya shigo cikin jallabiya fara tas, guga kamar wuƙa, rawani sabo fil, yana ƙamshin turare. Alhaji Sha'aban ya tarye shi ya zaunar da shi a kujerar da ta fi kowacce kusa da tanki. Dalhatu ya ɗauki bokitin ƙarshe, ya hau tsani, ya juye. Zoɓo ya taɓa ƙasan sunansa. Ya sauko, ya gyara murya, ya goya hannu a baya.

Sai ya fara karatu. Ya jero shi da Larabci tiryan-tiryan, da muryar Dakta, da tafiyar Dakta, yadda ruwa ke tura abu ta kowane gefe, yadda hannun sikeli ke ɗagawa, yadda ake ɗora awo. Da ya zo inda Dakta ke tari, ya yi tarin. Jama'a suka yi tsit. Dakta kansa ya saki baki, don a duk ɗaliban da ya koyar ba wanda ya taɓa riƙe maganarsa haka. Dalhatu ya ga bakin nan a buɗe, zuciyarsa ta cika fal da murna, har ya hango kansa a filin jirgi yana jan koren akwati.

Ya kai inda haddarsa ta ƙare, ya tsaya, ya buɗe hannuwa. "Halas. Wassalamu alaikum."

A lokacin ne idon Dakta ya sauka a kan cikin tanki. Ya dubi tsayinsa. Ya dubi igiyar rago a wuya. Ya dubi gindin, inda silikon ya fara fari yana miƙewa kamar cingam, wani siririn jan zare na gangarowa kan kafet. Ya miƙe zumbur. Malami dai malami ne, ko gobara zai sanar sai ya bi ta hanyar da ya saba. Ya cire tabarau, ya ɗaga yatsa.

"Yanzu kuma ga magana mafi muhimmanci..."

Kafin ya rufe baki Dalhatu ya ɓace. Ba shi ya yi niyya ba, ƙafafunsa ne suka ɗauke shi. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Sai ganin kansa ya yi a kicin ɗin istiraha yana kunna wuta, yana neman na'ana'a.

A waje kuwa Dakta na ta daka tsawa. "Ba yawan ruwa ba ne, zurfinsa ne! Ko siririnsa ya kai takarda, in ya yi tsayi haka sai ya tura bango! Kuma ƙarfin duk a ƙasa yake taruwa, ba a sama ba! Wa ya ɗaure shi a wuya? Ku matsa! Yalla, ku matsa!"

"Randar gidanmu," in ji Mamane, yana ja da baya da waya a ɗage.

Fili ya hargitse. Masu shinkafa suka ɗauki tire suka ruga. Direbobi huɗu suna gudu da hannu ɗaya a ƙugu. Malam Jibrin, da yake ya riga ya ɗanɗana, shi ya fara kaiwa bakin ƙofa. Alhaji Sha'aban ya rasa abin da zai ceta, ya rungumi fanka. Dakta kaɗai ya tsaya, yana ƙoƙarin buɗe famfo ya rage zurfin, amma Dalhatu ya ɗaure famfon da wayar ƙarfe tun bayan abin da ya sami Malam.

Sai ga Injiniya ya fito da ɗan tire, kofi ɗaya a kai, sukari cokali uku, ganyen na'ana'a biyu, yana tafe a natse. Ya ga fili wayam, mutane sun manne a bango, ya ɗauka girmamawa ce aka buɗa masa hanya. Ya tako har gaban tanki, ya rusuna.

"Shayi, ya Duktur."

Tanki ya yi wata 'yar ƙara kamar an yage sabon yadi. Gindinsa ya buɗe baki ɗaya. Saman kuwa, a faɗi gaskiya, ko motsi bai yi ba, igiyar rago ta yi aikinta.

Zoɓo ya ɗebe ƙafafun Dalhatu ya zaunar da shi, ya ja shi a kan kafet har gaban kujerun baƙi. Ya daki Dakta daga gwiwa ya fantsama har rawani. Ya kwashe takalman jama'a ya bi da su ta ƙarƙashin ƙofar mata, aka ji ihu daga can. Yankin taya ya biyo baya yana juyi, ya zo ya tsaya a cinyar Dalhatu. Dutsen kilo biyar ya faɗo ƙarshe, tim, cikin tankin da ba komai.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dalhatu na zaune cikin jan tafki, ƙanƙara na yawo a gefensa, amma hannunsa na dama na sama, kuma ko ɗigo bai zuba daga kofin shayin ba.

Ƙofar mata ta buɗe kaɗan. Ba a ga Hajiya Muhibba ba, ludayinta kawai aka gani ya leƙo.

"Na ce ko cokali, Dalhatu."

"Hajiya, ai..."

"Ka ce zai tsaya kowa ya gan shi. To kowa ya gan shi. Har mai jego ta gan shi, ya same ta a kan katifa." Ta juya ciki ta ɗaga murya. "Ku fito da kuloli ukun nan da na ɓoye. Na san wanda nake hulɗa da shi."

Dakta ya tako a hankali, takalminsa na caɓal-caɓal, jallabiyarsa ta koma kalar da ba mai wankin da zai yi alkawari a kanta. Ya miƙa hannu ya karɓi kofin, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Shayi kam ka ƙware, ya Dalhatu. Ina ka tafi ina magana?"

"Ka ce ga magana mafi muhimmanci, ya Duktur."

"Na ce."

"To ai... shayi."

Dakta ya dube shi. "Shekara nawa kana fita a daidai nan?"

"Bakwai."

"Ba ka taɓa jin ƙarshen ba?"

"Akwai wani abu ne a ƙarshen?"

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo. Dakta bai yi dariya ba. Ya ce takarda dai ba zai rubuta ba, don ba zai danƙa ɗakin gwaji ga mutumin da ke ɗaure ruwa a wuya ba. Nan ne bakin Dalhatu ya mutu, karo na farko tun da aka san shi a Shumaisi. Kunyar jama'a ba ta dame shi ba, ya saba. Abin da ya karya masa zuciya shi ne wayar da ke hannun Mamane, wadda har yanzu ba a kashe ba.

Muryar Sabuwa ta fito siririya. "Baban Bilƙisu, ba ka ji ciwo ba?"

"Lafiya lau nake."

"To in mayar da akwatin ƙarƙashin gado?"

Dakta ya tambayi Mamane me ta ce, Mamane ya fassara masa, ya ƙara da nasa, ya nuna masa akwatin a fuskar waya. Dattijon ya dubi akwati, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya daɗe yana juya shi.

"Rabin da ya ji ya riƙe shi fiye da ɗalibaina," in ji shi. "Rabin da bai ji ba kuwa, ni na sha shi da sukari uku. Gaya mata ta bar akwatin inda yake. Daga Lahadi zai zauna a aji har a tashi. Ƙarshen zango ya yi jarrabawa da kowa. In ya ci, in rubuta."

Dalhatu ya miƙe, zoɓo na ɗiga daga wandonsa, ya juya ga jama'a, ƙirji a gaba. "Kun ji da kunnenku ko? Kwaleji da kanta ta nemi in zo in..."

"Baban Bilƙisu," in ji Sabuwa.

"Na'am."

"Ka zauna har a tashi."

Ranar Asabar ya wuni yana wankin kafet ɗin istiraha, Hajiya Muhibba na aiko masa da saƙon inda ya tsallake. Ranar Lahadi ya shiga aji kafin kowa, ya zaɓi kujerar baya, ya sunkuya ya ɗan jima yana wani abu a ƙarƙashinta. Ɗalibai suka cika. Dakta ya zuba ruwa a ɗan tankin, hannun sikeli ya ɗaga, aka ɗora awo, ya yi tarinsa a inda ya saba. Sannan ya cire tabarau, ya ɗaga yatsa.

"Yanzu kuma ga magana mafi muhimmanci."

Daga bayan aji aka ji kujera ta yi ƙara, ta yi tsalle taku biyu zuwa ƙofa, ta tsaya. Kowa ya waiwaya. Dalhatu ne, gumi na karyo masa, jikinsa na neman kicin, amma ya kasa tashi. Ya ɗaure kansa a kujerar da igiyar ragon suna.

A wannan karon kuwa, daga ƙasa ya ɗaure.